Wata huɗu da kwana goma ba su ishe ni ba

Ni malamar lissafi ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata a Kano, haifaffiyar Zariya, uwar 'ya'ya uku. Maigidana ya rasu a haɗarin mota a watan Agustan 2021, tsakanin Kwanar Dangora da Tashar Yari, yana kan hanyarsa ta kai wa mahaifiyata maganin ciwon suga da muka saya mata. Ya so a bari sai ranar Asabar, ni kuwa na tsaya kai da fata cewa a ranar Alhamis ɗin nan za a kai, har na faɗa masa cewa da mahaifiyarsa ce da bai kwana ba. Bai tanka mini ba. Ya ɗauki ledar maganin ya sa hularsa ya fita, kuma wannan ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakanina da mutumin da na yi shekara goma sha huɗu a gidansa.

An yi zaman makoki, an yi addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in, na shiga takaba na fita, kowa ya koma harkarsa. A lissafin mutane, wata huɗu da kwana goma sun isa mace ta share hawaye ta kama rainon marayunta, kuma ni ma haka na zata. Abin da ya faru shi ne bayan na fita takaba ne ciwon ya fara. Nakan farka ƙarfe biyu na dare in zauna a bakin gado har kiran assalatu, ina maimaita maganar nan tawa kamar karatun allo. Abinci ya fita daga raina, na rame har zobena ya daina zama a yatsa. Wata rana ina tsakiyar koyar da 'yan aji biyar na tsaya da alli a hannu, na kasa tuna abin da ke biye da layin da na rubuta, alhali na fi shekara goma ina koyar da darasin. Idan waya ta yi ƙara da la'asar sai gabana ya yanke ya faɗi, hannuwana su ɗauki rawa, domin da la'asar aka kira ni aka sanar da ni. Mota kuwa, in dai za ta fita daga cikin gari, ba na shigarta, har na yi shekara biyu ban taka Zariya ba.

Kamar kowa, jiki na fara bi. Na sha maganin taifod da na maleriya da na olsa daga kemis ɗin unguwa, an auna jinina an ce ya ɗan hau. Surukata, Allah ya saka mata da alheri, ta sa aka yi mini ruƙiyya har sau uku, kuma nakan sami natsuwa ta kwana ɗaya ko biyu. Masu zuwa duba ni kalmarsu ɗaya ce, in yi haƙuri, in dangana, wasu ma su ƙara da cewa yawan tunani alamar raunin imani ne. Wannan ta fi komai yi mini ciwo, saboda ban bar salla ba, ban bar azkar ba, sai dai ina idar da su in koma inda nake. Malamin Islamiyyarmu ne ya fara sauke mini wannan nauyin. Ya ce, "Malama, Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma ba wanda ya isa ya ce imaninsa ya raunana. Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ki ci gaba da addu'a, ki kuma nemi masana wannan fanni."

Na nema, amma na fara da ɓatan kai. Saboda kunyar a gan ni a asibitin ƙwaƙwalwa, sai na bi wata mata da na gani a Instagram tana tallar cewa tana warware damuwa da matsalolin aure a zama uku. Na tura mata kuɗi masu kauri tun kafin in ga fuskarta. A zama na farko ban yi maganar minti goma ba ta karɓe zancen, ta ba ni labarin mutuwar aurenta da yadda ta miƙe da ƙafafunta, ta ce in riƙa duba madubi kowace safiya ina faɗa wa kaina cewa ni jaruma ce. Ba ta tambaye ni barci ba, ba ta tambaye ni ko ina shan wani magani ba, wayarta kuma tana hannunta tana amsa saƙonni. A zama na biyu ta ce maganin ciwona shi ne in yi aure, har tana da wanda za ta haɗa ni da shi. Bayan kwana biyu wata abokiyar aikina ta nuna mini sitatus ɗinta, inda ta rubuta labarin wata malamar makaranta da ta aiki mijinta Zariya ya mutu a hanya. Ba ta sa suna ba, amma duk wanda ya san ni ya gane. Na yi wata biyar ban sake buɗe wa kowa cikina ba.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce, kuma ita ce ta zaunar da ni a ƙarshen 2022 ta rarrabe mini abin da na cakuɗa. Ta ce akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda cikakken likita ne da ya ƙara ƙwarewa a wannan fanni, yana da rajista da hukumar da ke kula da likitoci ta ƙasa, kuma shi ke da hurumin rubuta magani. Akwai masanin halayyar ɗan Adam na asibiti, wanda ya yi aƙalla digiri na biyu a fannin tare da horo a gaban marasa lafiya, shi kuma aikinsa gwaji da magani ta hanyar tattaunawa, ba ya rubuta ƙwaya. Akwai ma'aikatan jinya da suka ƙware a lafiyar ƙwaƙwalwa, da jami'an walwala, da masu ba da shawara da suka karanci aikin. Sannan akwai wanda ya sayi waya mai kyau ya iya magana. Ta lissafa mini wuraren da ake samun na gaskiya a Arewa: Dawanau a nan Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri, da sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Shika. Na ce, "Yaya, so kike a ce na haukace?" Ta ce, "Ke dai kin fi son a ce kin mutu da hankalinki?" A garin da idan mutum ya yi shirme ake ce masa sai an kai shi Dawanau, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, kuma sai da na yi sati uku ina juya ta.

Ranar da na je, niƙabi na sa, ni da ban taɓa sa shi ba. Na yanki kati na zauna a benci ina satar kallon mutane, ina jiran in ga masu fizge-fizge, sai na ga wani dattijo da carbi, da wata matashiya da goyo, da wani saurayi yana duba littafin makaranta. Likitan ya yi mini tambayoyi kusan minti arba'in, ya tura ni gwajin jini don a duba ƙarancin jini da aikin halittar nan ta wuya da ke haddasa maƙoƙo, domin a cewarsa su ma suna iya kawo kasala da faɗuwar gaba. Da sakamako ya fito lafiya, ya ce ina fama da ciwon damuwa wanda ya haɗu da firgicin abin da ya faru. Ya rubuta mini ƙwaya guda a rana, ya gargaɗe ni cewa takan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin a ji amfaninta, cewa tana iya sa tashin zuciya a kwanakin farko, kuma kada in yanke ta da kaina ranar da na ji sauƙi. Daga nan ya tambaye ni ko na fi son mace ko namiji a wajen tattaunawa, da kuma harshen da na fi sakewa da shi. Na ce mace, kuma da Hausa. Ina jin Turanci, da shi nake koyarwa, amma ban san yadda zan faɗi "gabana yana faɗuwa" ko "zuciyata ta yi baƙi" da shi ba tare da maganar ta zama ta wani ba.

Zama na farko da matar da aka haɗa ni da ita don tattaunawa ya bambanta da duk abin da na yi tsammani. Ɗaki ne ƙarami, kujeru biyu da tebur da fanka, da kwalin tishu a gefen da nake. Na ce mata Likita, ta yi murmushi ta ce ita ba likita ba ce, ta faɗa mini abin da ta karanta da shekarun da ta yi tana aikin tun kafin in tambaya. Sannan ta yi maganar da ta sa na ɗage niƙabina. Ta ce, "Malama, abin da kika faɗa a ɗakin nan ba zai je kunnen yayarki ko shugabar makarantarku ba. Zan rubuta taƙaitaccen bayani a fayil ɗinki, likitanki zai iya gani. Inda kawai zan buɗe baki shi ne idan na ga ranki ko ran wani yana cikin haɗari, kuma ko a nan sai na fara sanar da ke." Wadda ta faɗa mini iyakar sirrin tun ranar farko ta fi kwanta mini a rai fiye da wadda ta yi mini rantsuwa cewa har kabari.

Ta ba ni wata takarda mai tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, wadda ke tambayar yadda mutum ya kasance a sati biyun da suka wuce ta fuskar barci da cin abinci da kuzari da tattara hankali da ganin laifin kai. Kowace tambaya makinta daga 0 zuwa 3 ne, jimla 27, ni kuwa na sami 19. Tambaya ta tara ita ce ko mutum yana jin gara ya mutu. Ta dube ni ta maimaita ta da bakinta, ba kwana-kwana. Na ce ban taɓa niyyar yi wa kaina wani abu ba, amma sau da yawa nakan kwanta ina fatan kada in farka. Ba ta zaro ido ba, ba ta yi salati ba, ba ta yi mini wa'azi ba. Ta tambayi abin da ke riƙe ni, na ce 'ya'yana da tsoron Allah, sai muka rubuta sunayen mutum biyu da zan kira idan dare ya yi mini tsawo. A ƙarshe ta ce za mu riƙa zama na minti hamsin sau ɗaya a sati, tana hasashen zama goma sha biyu zuwa goma sha shida, da wata hanya da ake taƙaita sunanta da CBT, wadda wani likita Ba'amurke, Aaron Beck, ya assasa a shekarun 1960. Tushenta shi ne tunani da yanayin zuciya da aiki suna ɗaure da juna, idan aka kama ɗaya aka gyara, sauran sukan biyo.

Abin da nake so mai niyyar zuwa ya sani shi ne wannan aiki ba nasiha ba ne. Na je ina jiran a faɗa mini abin da zan yi, sai na tarar tambaya ta fi amsa yawa, kuma ni malama aka koma ba ni jinga. Jingar farko har ta ba ni haushi saboda ƙanƙantarta: in share tsakar gida da kaina da safe, in shiga gidan maƙwabciyata sau biyu a sati in yi minti goma sha biyar, in rubuta yadda na ji kafin da bayan, daga 0 zuwa 10. Ta bayyana mini cewa mai ciwon damuwa yana jira ya ji daɗi kafin ya motsa, alhali motsin ne ke fara zuwa, jin daɗin ya biyo baya. Sai kuma wani littafi mai layi uku, inda nake rubuta abin da ya faru, da tunanin da ya zo mini a take, da hujjar da ke goyon bayansa ko take rushe shi. Haka nan ba kullum ake fita da sauƙi ba. Bayan zama na huɗu, ranar da na fara ba da labarin Alhamis ɗin nan daga farko har ƙarshe, na koma gida na yi kwana biyu kamar an yi mini duka, har na yanke cewa ba zan koma ba. Da ma ta gaya mini hakan na iya faruwa, kamar yadda wankin miki ke fi zamansa zafi, kuma wannan gargaɗin ne ya mayar da ni.

A zama na bakwai ne aka taɓa tushen. Na faɗa mata a fili cewa ni na kashe shi. Ba ta ce a'a ba, kamar yadda kowa ke gaggawar cewa. Ta miƙo mini farar takarda da biro ta ce, "Malama, ke ce mai lissafi. Zana mini da'ira. Digiri nawa ke cikinta?" Na ce 360. Ta ce in lissafa duk abin da ya taru ya haifar da haɗarin, in ba kowanne rabonsa, amma in ajiye kaina a ƙarshe. Na fara. Ruwan sama da aka yi kamar da bakin ƙwarya, na ba shi 60. Tayar gaba da ta fashe, 90. Gudun da waɗanda suka tsira suka ce direban yana yi, 100. Hanyar da aka mayar hannu ɗaya saboda aikin gyara, 50. Babbar motar da ke tahowa, 40. Da na zo kaina na tara na cire, sai na ga saura 20. Na sake lissafawa, domin ban yarda ba. Ta tambaye ni ko a safiyar na san taya za ta fashe, na ce a'a. Ta tambayi abin da nake nufi da aiken, na ce in mahaifiyata ta sami magani. Sannan ta ce, "Ina kika sa ajali?" Na daɗe ina kallon takardar kafin na ce ajali ba ya cikin yankan, shi ne takardar da aka yi zanen a kanta. Na yi kuka a ranar irin wanda ban yi a zaman makoki ba. Digiri ashirin ɗin nan ba su ɓace ba, har gobe ina nadamar kalmar da na faɗa masa, amma nadamar baƙar magana daban take da ɗaukar alhakin rai.

Mun taɓa saɓawa. Ta kawo shawarar in fara rage kayansa da ke ɗaki, musamman babbar rigarsa da ke rataye a bayan ƙofa tun ranar. Na ji kamar ta mare ni, na yi sati ina fushi, kuma tarbiyyarmu ba ta koya mana musu da wanda muka je neman taimako wajensa ba. Da na daure na faɗa mata, sai ta gode mini, ta ce ta yi gaggawa, muka ajiye maganar. A ganina wannan ce babbar jarrabawar da za a yi wa mai wannan aiki: a faɗa masa bai yi daidai ba, a ga yadda zai ɗauka. Wanda ya hau fushi ko ya ce taurin kanka ne ciwonka, ba wajen zama ba ne.

Mata da yawa sun tambaye ni a ɓoye yadda za su zaɓa, kuma abin da nake gaya musu daga kuskurena na samo shi. Ba rashin kunya ba ne ka tambayi mutum me ya karanta, a ina, a wane asibiti ya yi horo, ko ya saba da irin matsalarka, wace hanya zai bi, zama nawa yake hasashe, nawa ne kuɗin, da abin da zai yi da sirrinka. Mai gaskiya yakan amsa ba tare da ya ji an raina shi ba. Wanda ya yi alkawarin warkewa a kwana kaza, ko ya ce ka watsar da maganin likita, ko ya raina addininka, ko ya mayar da zaman wajen ba da labarin kansa, ko ya nemi wata hulɗa ta kuɗi ko ta soyayya ko haɗuwa a wurin da ba na aiki ba, a bar shi tun da wuri. Takarda kuma ba ita kaɗai ba ce, domin ana iya samun ƙwararre wanda jininku bai haɗu ba. Ni dai ina ganin a ba shi zama uku ko huɗu, in har mutum bai ji ana sauraronsa ba, ya nemi a sauya masa. Na san zaɓin ba shi da yawa a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai ɗari uku ba ga mutum sama da miliyan 200, amma ƙarancin ba ya halatta zama a hannun wanda zai ƙara maka ciwo. A watan Janairun 2023, daidai lokacin da na fara zuwa asibiti, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta tanadi haƙƙin majiyyaci na a kiyaye sirrinsa, a kuma nemi yardarsa a kan maganin da za a yi masa.

Kuɗi ma sai an yi lissafinsa. Na fara zaman tattaunawar a tsakiyar wahalar takardun naira ta Fabrairun 2023, lokacin da samun na adaidaita sahu ya zama aiki, sannan aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu kuɗin mota ya ninka. Na faɗa mata gaskiya, muka mayar da zaman duk sati biyu. Mun gwada ta waya sau ɗaya, amma a gidan da yara ke leƙe kuma katanga ba ta riƙe magana, rabin abin da ke raina ban faɗa ba.

Jinga ta ƙarshe ita ce hanya, kuma mataki-mataki muka bi ta. Na fara da zuwa tashar Unguwa Uku in tsaya ina kallon motoci ana lodi har bugun zuciyata ya sauka da kansa, daga baya na shiga mota zuwa Kura na dawo. A watan Satumban 2023, bayan zama na goma sha biyar, makina a takardar nan ya sauko zuwa 6, na biya kuɗin kujerar gaba zuwa Zariya tare da babban ɗana. Da muka wuce Kwanar Dangora tafin hannuna ya jiƙe, na riƙa jan numfashi a hankali ina ƙirgawa kamar yadda aka koya mini, ina yi wa mahaifinsu addu'a. Yaron ya kama hannuna bai ce komai ba. Mun isa ana kiran azahar. Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ashe kina tafe?" Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye mata ledar maganinta.

Likita ya janye mini ƙwayar a hankali a cikin 2024, bayan na yi fiye da wata shida ina lafiya. Duk watan Agusta, idan hadari ya haɗu da la'asar, barcina yakan ɗan lalace, sai in ɗauko littafin nan mai layi uku in yi sati biyu ina rubutu, kuma sau ɗaya na koma na yi zama biyu. Babbar rigar ta kai Sallar da ta wuce a bayan ƙofa, sannan na sauke ta da hannuna na kai wa tela ya rage ta daidai jikin ɗana.